ƘWAYAR CUTA TA ZAMA MAI BA DA SHAIDA A KAN ƘAURAR 'YAN ADAM

A da, in baƙo ya sauka a zango, ba sai an tambaye shi garinsu ba. Tsagar fuskarsa ta isa ta nuna ko Bagobiri ne ko Babarbare. To, ashe akwai wata tsaga da ido ba ya gani, wadda mutum yake yawo da ita cikin jikinsa bai sani ba, watau ƙwayoyin cutar nan 'yan mitsi-mitsi da likitoci suke kira bairas. Masana kuwa sun koyi karanta ta.

Yadda abin yake shi ne, kowace ƙwaya tana da tsarin halitta wanda take kwafa duk sa'ad da za ta hayayyafa. Kamar dai littafin da ake juya da hannu ne. In marubuci ya yi kuskuren baƙi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai ɗauki kuskuren, har ya ƙara nasa. Wanda ya tara littattafan ya gwama su, zai gane wanne aka juya daga wanne. Haka masana suke gwama ƙwayoyin da suka samu a jikin mutanen ƙasashe dabam-dabam. Amma ba kowace ƙwaya ce ta dace da wannan aiki ba. Ta mura ba ta da amfani, don cikin 'yan watanni ta game duniya. Wadda ake so ita ce mai kama mutum tun yana yaro, galibi daga 'yan gidansu, ta zauna da shi har mutuwa.

Irin wannan ita ce ƙwayar JC, wadda aka gano a Jami'ar Wisconsin ta Amurka cikin 1971. Yawancin manya suna ɗauke da ita a ƙoda ba tare da ta dame su ba, tana fita cikin fitsari. Cikin 1997 wasu masana na Japan da wasu na Amurka suka ba da sanarwar abin da suka samu bayan sun auna fitsarin mutane. Suka ce Turai tana da nata iri, Afirka nata, Asiya nata. Har wa yau, irin da aka samu a jikin ƙabilar Nabaho ta Amurka ɗan'uwan na arewa maso gabashin Asiya ne, abin da ya yi daidai da tsohon zancen cewa daga can kakanninsu suka ƙetaro. Sai dai murna ba ta daɗe ba. Cikin 2006 wasu masanan suka sake lissafi, suka ce rassan zuriyar ƙwayar ba su hau daidai kan rassan zuriyar 'yan Adam ba. Watau shaidarta abin saurare ce, amma alƙali ba zai yanke hukunci da ita kaɗai ba.

Labarin da ya fi shafar Nijeriya kuwa na ƙwayar ciwon hanta ne mai lamba B. Ita ma iri-iri ce, an laƙaba musu haruffa. Wadda ta fi yawa a Afirka ta Yamma ita ce mai harafin E. Masana suka daɗe suna mamakin abu biyu game da ita. Na ɗaya, duk da faɗin ƙasar da ta mamaye, ƙwayoyinta kusan kamarsu ɗaya, alamar ba ta daɗe da bazuwa ba. Na biyu, da ƙyar ake samunta a Amurka ta Kudu da tsibiran Karibiyan, inda aka kai miliyoyin mutanen Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi.

Don warware wannan sai aka nufi Haiti, ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta jikokin bayi ne, wadda kuma ta kori Faransa ta sami 'yanci tun 1804. Aka auna jinin mata masu ciki 7,147, aka buga sakamakon cikin 2009. A cikin waɗanda aka samu da ƙwayar, kashi 44 cikin 100 suna da irin da ake kira A1, wanda ya fi yawa a gabashin Afirka. Kashi 20 kuma suna da A5, wani iri mai wuyar samu wanda a lokacin ba a san shi ko'ina ba sai yankin gaɓar tekun Benin, inda tasoshin bayi irin su Wida da Badagiri da Ikko suke. Ba takardar da ta rubuta sunayen waɗannan bayin Allah da aka ɗora wa jiragen ruwa, amma ga jinin jikokinsu ya faɗi tashar da aka fito da su. Mai harafin E kuwa, 'yar kaɗan aka samu.

Nan ne maganar ta juyo gida. Da a ce irin E ya cika Afirka ta Yamma sa'ad da ake jigilar bayi, da lalle sun tafi da shi. Tun da ba su tafi da shi ba, masu binciken suka ce bayan an daina cinikin ne ya bazu, watau cikin shekara 200 da suka wuce ko ƙasa da haka. Abin da suka fi zargi kuwa shi ne allura ɗaya da ake yi wa mutane da yawa ba tare da an dafa ta sosai ba. Zargi ne, ba a tabbatar ba, amma duk wanda ya san yadda masu allurar bayan fage suke aiki a kasuwannin ƙauye ba zai yi saurin ƙaryata shi ba. Ita wannan ƙwaya tana bin jini, tana kuma bin uwa zuwa jariri, in ta daɗe takan lalata hanta ko ta kawo daji. Cikin 2004 ne Nijeriya ta sa rigakafinta cikin alluran yara na kullum, ta farkon kuwa a ranar haihuwa ake so a yi wa jariri.