Duniyar kwaikwayo ta kwamfuta

Duniyar kwaikwayo ta kwamfuta, wadda aka fi sani da VR, fasaha ce da ke sa mutum ya ji kamar yana tsaye a cikin wani wuri da kwamfuta ta zana. Mai amfani da ita yakan ɗaura wata na'ura mai kama da babban tabarau, wadda ke rufe masa ganin ɗakin da yake ciki. Idan ya waiga, hoton ma sai ya juya tare da shi. Babban aikin masu haɗa wannan fasaha shi ne sa ƙwaƙwalwa ta amince da abin da ido ke gani, wanda hakan ya dogara ne da saurin na'urar.

Tarihi

A shekarar 1838 masanin kimiyya ɗan Ingila Charles Wheatstone ya nuna cewa idan aka ba kowane ido hotonsa daban, ƙwaƙwalwa takan haɗa su ta ga zurfi. A 1962 Morton Heilig ya yi rajistar na'urarsa Sensorama a Amurka, wadda ke haɗa hoto da sauti da iska da ƙamshi. A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka ƙera tabarau da ke nuna zanen kwamfuta, wanda ke haɗe da wani ƙarfe da ya sauko daga rufin ɗaki yana bin motsin kai. Jaron Lanier, wanda ya kafa kamfanin VPL Research, shi ya yaɗa sunan fasahar a shekarun 1980.

Nintendo ya fitar da Virtual Boy a 1995 amma bai samu kasuwa ba. Harkar ta farfaɗo a 2012 lokacin da Palmer Luckey ya nemi tallafin jama'a ta intanet don ƙera Oculus Rift. Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2.

Yadda take aiki

A cikin tabarau akwai ƙaramin allo da ruwan tabarau biyu da ke sa ido ya iya kallon allon duk da kusancinsa. Tazarar da ke tsakanin idanun babban mutum kimanin milimita 63 ce, don haka kwamfuta takan zana wuri ɗaya sau biyu, daga mahangar idon dama da na hagu.

Ƙananan na'urorin auna juyi da motsi suna bin kai. Motsi shida ake lissafawa: ɗaga kai da sunkuyawa, waiwaye, karkata zuwa kafaɗa, matsawa gaba da baya, gefe da gefe, sai sama da ƙasa. Tsofaffin na'urori suna buƙatar kayan da ake kafawa a ɗaki, amma irin su Oculus Quest na 2019 suna amfani da kyamarorin da ke jikinsu.

Haɗa manhaja

Masu haɗa manhajar VR sun fi amfani da Unity da Unreal Engine. A 2019 ƙungiyar Khronos ta fitar da ƙa'idar OpenXR domin manhaja ɗaya ta yi aiki a na'urorin kamfanoni daban-daban. Yawancin tabarau suna sabunta hoto sau 72 zuwa 120 a daƙiƙa. Idan sau 90 ne, kwamfuta tana da kimanin milisakan 11 ta gama zana hotunan idanu biyu. Don rage nauyin aiki, wasu na'urori suna zana inda ido ke kallo dalla-dalla, su rage ingancin gefuna.

Matsaloli da amfani

Sashen cikin kunne ne ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki. Idan hoto ya makara bayan kai ya juya, ko ido ya ga tafiya alhali jiki yana zaune, saƙonnin biyu sukan saɓa, sai mutum ya ji jiri da tashin zuciya. Shi ya sa ake ƙoƙarin kada jinkirin ya wuce milisakan 20. Wasu manhajojin kuma sukan ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri kai tsaye maimakon tafiya a hankali.

Ban da wasanni, ana amfani da VR wajen horar da matuƙan jirgin sama da likitocin tiyata, da duba tsarin gini kafin a aza harsashi, da kuma taimaka wa masu tsoron hawa wuri mai tsayi.