Karatu da Lissafi a Azuzuwan Farko: Abin da Bitar Baki Take Ɓoyewa

A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da ya kira talaucin koyo, wato yawan yaran da suke cika shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa ba, kuma ƙiyasin 2022 ya nuna adadin ya kai kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Da yawa daga cikin waɗannan yara kullum suna aji, suna amsa wa malami da murya ɗaya, har mai wucewa ta bakin taga ya ɗauka karatu ya kankama, alhali kuwa da za a ware yaro guda a nuna masa kalma a tsakiyar allo, sai ya yi tsuru-tsuru.

Tun a 1986 masana biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye a kan abubuwa biyu: iya haɗa baƙi da wasali har kalma ta fito, da kuma sanin harshen da aka yi rubutun da shi, kuma idan aka rasa ɗaya, ɗayan ba ya wadatarwa. Yaron da ya taso da Hausa ya riga ya mallaki na biyun tun daga tatsuniya da hirar gida, sannan rubutun boko na Hausa yana sauƙaƙa masa na farkon, domin galibi kowane harafi sautinsa ɗaya ne, ko da yake ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, sai jimla ce take bambance garin da ake zama a cikinsa da garin tuwo. Idan aka fara masa da Ingilishi, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda, kuma abin da yakan biyo baya shi ne hadda ba ganewa. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin karatun azuzuwan farko da aka tsara a 2006 yake zaunar da yaro shi kaɗai, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan a yi masa tambayoyi a kan labarin.

Lissafi ma haka yake, sai dai a nan yaro yakan zo da ilimin da makaranta ba ta lura da shi. Wani bincike da aka wallafa a 1985 a kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil ya gano suna warware lissafin ciniki da ka, amma su kasa irinsa idan aka rubuta a takarda, kuma duk wanda ya ga yarinya mai tallar gyaɗa tana ba da canji ba kuskure ya san batun. Inda gizo yake saƙa shi ne matsayin lamba, wato gane cewa 2 da ke cikin 24 gomomi biyu ne. Sunayen ashirin da talatin, waɗanda aka aro daga Larabci, ba sa nuna wa yaro alaƙarsu da biyu da uku, don haka malamin da ya ɗaure tsinkaye goma-goma, ya sa ɗalibi ya kwance ƙulli guda da hannunsa kafin ya ɗebe 7 daga 24, ya fi mai sa a rera jadawalin sau amfani nesa ba kusa ba.

An gwada gyara a wurare da dama: littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, shirin RANA a Katsina da Zamfara, sai kuma tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, wanda aka jarraba a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano. A tsarin na ƙarshe ba a duba shekaru ko aji, ana rarraba yara ne bisa abin da suka iya, masu harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban, kuma ana sake gwada su lokaci-lokaci domin wanda ya ci gaba ya koma rukuni na gaba.