Taimaka wa 'Yan Makaranta Su Yarda da Kansu

A kusan kowane aji akwai yaron da ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu. Yakan zauna a baya, ya sunkuyar da kai in malam ya dubi wajensa. Kafin ya kai aji shida ya riga ya gaya wa kansa cewa karatu ba nasa ba ne. Daga nan sai iyaye su ce gara ya koma gona, in kuwa yarinya ce a fara maganar aure. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta kasa ba. Yaron ya daɗe yana jin ana kiransa daƙiƙi, har ya yarda cewa haka yake. Abubuwa biyu da aka gwada a ƙauyukan ƙasar Indiya za su taimake mu mu ga yadda wannan yake faruwa, da kuma yadda za a gyara.

Sa'ad da aka tuna wa yaro asalinsa

A Indiya, tun zamanin dā ana raba mutane bisa ga gidan da aka haife su. Akwai waɗanda ake ɗauka na sama, akwai kuma na ƙasa da ake rena su. Tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya hana ƙyamar na ƙasan, amma al'adar ba ta fita daga zukatan mutane ba.

A shekara ta 2004 wasu mata biyu masu bincike, Karla Hoff da Priyanka Pandey, suka bayyana wani gwaji da suka yi a ƙauyukan jihar Uttar Pradesh. Sun tara yara maza 642 'yan makaranta, rabi daga gidajen sama, rabi daga gidajen ƙasa. Aka ba su wani wasa a takarda, zane mai lunguna da yawa, yaro ya nemi hanyar fita. Duk wanda ya ci, akan ba shi ɗan kuɗi.

Sa'ad da ba a faɗi asalin kowa ba, ƙoƙarin yaran ya zo daidai. Amma a wasu rukunai, kafin a fara, sai aka kira sunan kowane yaro aka faɗi asalinsa a gaban sauran. Nan take ƙoƙarin yaran gidajen ƙasa ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100. Wasan bai canja ba, kuɗin ma bai canja ba. Tuna musu yadda ake ganinsu kawai aka yi, sai jikinsu ya yi sanyi.

Mu ma muna da irin waɗannan sunaye a bakinmu: ɗan talaka, maraya, ɗan ƙauye, ko "ai gidansu ba a karatu". Yaro yakan shiga aji da waɗannan kalmomi a kansa kamar kaya.

Gani ya kori ji

Labari na biyu mai faranta zuciya ne. A 1993 Indiya ta fara aiki da dokar da ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da na shugabanci. A jihar Bengal ta Yamma an fara keɓe kujerar shugaba a zaɓen 1998. Ƙauyuka da yawa suka ga mace tana shugabanci karo na farko.

A 2007 masu bincike, cikinsu har da Esther Duflo wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 2019, suka zaga ƙauyuka 495. Sun yi hira da yara fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 15, da iyayensu. Sun tambaye su irin karatun da suke so, da aikin da suke fata, da lokacin aure. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci sau biyu, tazarar da ke tsakanin burin 'yan mata da na samari ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Iyaye ma suka ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata. 'Yan matan suka kamo samari a makaranta, lokacin da suke ɓatawa a aikin gida kuma ya ragu.

Darasin a fili yake. Da wuya yaro ya yi burin zama abin da bai taɓa ganin wani irinsa ya zama ba.

Abin da malami zai iya yi

Waɗannan hanyoyi ba sa bukatar kuɗi, ko da ajin ya cika maƙil.

• Ku kira kowane yaro da sunansa. Ku daina sunaye kamar jaki ko daƙiƙi, kada kuma ku bar 'yan aji su yi wa wanda ya yi kuskure ihu ko dariya.

• Ku jira bayan kun yi tambaya. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kawai kafin su wuce ga wani yaro. Da aka ƙara jiran zuwa daƙiƙa uku, yara da yawa suka fara amsawa, amsoshin kuma suka fi tsawo. Ku ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci kafin ku nuna wani.

• Ku bar yara su fara tattauna amsa biyu biyu. Mai kunya yakan sami ƙarfin magana in ya riga ya gwada amsarsa a kunnen abokinsa.

• Ku yabi aikin da yaro ya yi. Maimakon "kai mai ƙwaƙwalwa ne", ku ce, "Na ga ka sake gwadawa har ka samu." A wani gwaji da Claudia Mueller da Carol Dweck suka bayyana a 1998, yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya, gama suna tsoron kada su faɗi. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi naci.

• Ku ba kowa aiki. Kada masu zuwa na ɗaya kaɗai su riƙa raba littattafai ko jagorantar rukuni. A riƙa juyawa kowane mako, maza da mata.

• Ku auna yaro da inda yake a dā. Karanta wanda ya zo na ƙarshe a gaban jama'a ba ya ƙara wa kowa ilimi. Ya fi kyau a ce, "A watan jiya kalma biyar kake karantawa, yau ga shi ka karanta goma sha biyu."

Yabo kaɗai ba ya isa

A nan sai mu yi hankali. Yara suna gane yabon ƙarya. In yarinya ba ta iya karatu ba, cewa "ke gwana ce" ba zai taimake ta ba. Yarda da kai na gaskiya yana fitowa ne daga yin abin da jiya ba ka iya ba. Saboda haka a fara daga inda yaron yake. In haruffa ne bai sani ba, a koma kan haruffa, ko da yana aji huɗu. A ba shi aikin da zai iya ci da ɗan ƙoƙari, sa'an nan a ƙara masa wuya kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin iyaye da jama'a

Ɗa na kowa ne. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya gayyatar 'yan garin da suka yi karatu, kamar ungozoma, malamin gona, makaniki ko malamar makaranta, su zo aji sau ɗaya a zango. Kada su tsaya kan nasararsu kawai. Su faɗi jarrabawar da suka faɗi, da yadda suka sami kuɗin makaranta, da shekarun da karatun ya ɗauka. Ta haka yara za su ga hanyar, mataki mataki.

Uwa ko uban da bai yi boko ba shi ma yana da abin yi. Ya ce wa yaro, "Zo ka nuna mini abin da kuka koya yau." A kuma raba aikin gida daidai, domin 'yan mata su sami lokacin duba littafi kafin duhu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne sunaye ne muke kiran yara da su a gida da makaranta? Wane ne a cikinsu ya kamata mu bari?
2. Waɗanne yara ne a garinmu ba a sa ran za su yi nisa a karatu? Me ya sa?
3. Su wane ne daga garinmu, maza da mata, za mu iya gayyata su yi wa yara magana a wannan zango? Wa zai je ya gayyace su?