Buhun Sukari da Ƙullin Sakarin

Duk wanda ya saba shan zoɓon kasuwa ya san wannan ɗanɗanon. Zaƙi zai bugi harshe da ƙarfi, sai bayan an haɗiye wani ɗaci-ɗaci ya maƙale a maƙogwaro. Sakarin ne. Mai sana'ar ta lissafa kuɗin sukari ta ga babu riba, sai ta koma ga ɗan ƙullin da zai zaƙaƙa bokiti guda. Irin wannan lissafin ne manyan kamfanonin lemo na duniya suke yi, sai dai su suna da ma'auni da ɗakin gwaji.

Sakarin shi ne babban yaya a dangin sinadaran zaƙi. Wani masanin sinadarai mai suna Constantin Fahlberg ya gano shi a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, kuma ya ninka sukari zaƙi sau 300 ko fiye. Asfatem ya zo a 1965, lokacin da James Schlatter yake neman maganin gyambon ciki, zaƙinsa ninki 200 ne. Sukuralos, wanda aka ƙirƙira daga sukarin kansa a Landan a 1976, ya kai ninki 600. Akwai kuma na tsiro, kamar sitibiya, ganyen da al'ummar Guarani na Faraguwe suka daɗe suna sakawa a shayinsu. Har mu nan Afirka ta Yamma muna da namu: tsiron da ake ƙunsa alala da ganyensa a kudancin Najeriya yana fitar da 'ya'yan da ake samun sinadarin taumatin a cikinsu, mai zaƙin da ya ninka na sukari sau 2,000.

Idan zancen lemon kwalba ne, sukari ya sha kaye tun kafin a shiga fage. Gwangwani guda na Coca-Cola mai cin mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana son baligi ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini. Asfatem da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ɗaya ba zai ba da zaƙin wannan gwangwani, ba ya tayar da sukarin jini, ba ya ruɓar da haƙori. Gwamnatoci ma sun sa hannu. Birtaniya ta fara karɓar haraji a 2018 gwargwadon yawan sukarin da ke cikin lemo, sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin suka cike giɓin da waɗannan sinadarai. Najeriya ta ɗora naira 10 a kan kowace lita a 2022.

Amma a fita daga kwalba a shiga tukunya ko tanda, nan take labari zai canza, kuma a nan ne nake ganin mutane ba su yi wa sukari adalci. Ku tambayi mai tuwon madara. Sukari ne yake daskarewa ya ba shi jiki har a yanka shi gutsi-gutsi. Shi yake sa gullisuwa ta yi ja a wuta, shi yake ba alkaki danƙo da sheƙi. A gidan burodi yis yana cin sukari ƙullu ya tashi, ɓawon ya yi launi, cikin ya daɗe bai bushe ba. A kayan gwangwani sukari yana riƙe ruwa ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, a askirim kuma yana hana shi zama dunƙulen ƙanƙara. Sakarin da 'yan uwansa zaƙi kaɗai suka iya. Idan kamfani ya cire kilo goma na sukari daga ƙullun biskit ya zuba 'yan giram na sukuralos, dole ya nemo abin da zai cike nauyin da ya tafi, galibi wani nau'in sitaci da aka sarrafa. Sau da yawa sai ka ga abin da aka rage na kuzari bai taka kara ya karya ba.

Kowannensu kuma da nasa lahanin. Asfatem ba ya jure zafi, ba a gasa abu da shi, kuma zaƙinsa yana raguwa idan lemo ya daɗe a wuri mai ɗumi. Duk wanda ya ga yadda kiret-kiret na lemo ke wuni a rana a gaban shaguna cikin watan Afrilu zai gane cewa wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajenmu. Sitibiya tana da ɗan bauri. Shi ya sa masana'antu ke haɗa biyu ko uku, kamar asfatem da asesulfem, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri.

Ta fuskar lafiya an daɗe ana ja-in-ja. A 1977 hukumar abinci ta Amurka ta yi yunƙurin haramta sakarin saboda ya haddasa wa ɓeraye kansar mafitsara. Daga baya aka gano cewa yadda abin ke faruwa a jikin ɓera bai shafi ɗan Adam ba, aka cire gargaɗin a 2000. A Yulin 2023 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya asfatem cikin abubuwan da wataƙila suna iya jawo kansa, bisa hujja mai rauni, kwamitin ƙwararrun hukumar kuma ya bar iyakarsa a miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya wuce ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a Mayun 2023, cewa kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, domin ba a ga amfaninsu a dogon lokaci ba. Ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba.

A ganina, mai ciwon sukari da ya kasa rabuwa da lemo gara ya sha wanda babu sukari a ciki, illar sukarin a jikinsa tabbatacciya ce. Lebura kuwa da ya sayi kunun zaƙi da tsakar rana, ƙarfin jiki yake nema, idan aka ba shi mai sakarin an rage masa wani ɓangare na abin da ya biya kuɗinsa. Sannan ga batun awo, wanda ya fi damuna. Iyakar sakarin da kwamitin ƙwararrun ya amince da ita miligiram 5 ce ga kowane kilo a yini. Yaro mai kilo 20 bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya ba. Kamfani yana aunawa, yana rubutawa a jikin kwalba, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC na iya bin sawunsa. Mai zoɓo a ƙofar makarantar firamare da kan yatsa take ɗiba, babu wanda ya taɓa koya mata iyaka, yaron kuma yana iya shan leda uku kafin a tashi.