Inda Lissafin Lisp Yake Tumbatsa

Masu rubuta manhaja da Lisp, harshen da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958 a jami'ar MIT ta Amurka, suna da abin taƙama guda: a Common Lisp, wani reshe na harshen, cikakkiyar lamba ba ta cika ta zube. In ta fi ƙarfin gurbinta, sai a ƙara mata wuri kai tsaye. Ninka biliyan sau biliyan sau biliyan, amsar daidai za ta fito.

Taƙamar tana ƙarewa ne sa'ad da manhajar Lisp ta aiki wata manhajar ta waje. A SBCL, mai mayar da umarnin Lisp zuwa harshen inji, wanda ya ɓalle daga takwaransa CMUCL a 1999, ana yin haka da run-program. Aiken ba ya isa sai ta hannun tsarin kwamfuta irin su Linux ko Windows, su kuwa da ma'aunin harshen C suke awo. Gurbin bit 32 mai ɗaukar alamar ɗebewa iyakarsa 2,147,483,647. Buhu ne ake juyewa a mudu.

Ɗauki lokacin jira. Umarnin poll na Linux yana ƙidaya shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka gurbin ba ya kai kwana 25. In aka cusa abin da ya fi haka, lambar tana iya juyewa ƙasa da sifili, wanda a wurin poll ke nufin jira har abada. Lambar shaidar manhaja ta fi ban tsoro: in ta rikiɗe ta koma -1 aka miƙa wa umarnin kill, duk manhajar da kake da iko a kanta saƙon da kill ke aikawa zai same ta.

Akwai kuma sakamakon da ɗan aiken ke dawowa da shi. Linux bit 8 kawai yake riƙewa, daga 0 zuwa 255. Manhajar da ta fita da 256 sai a ga 0, alamar komai lafiya, alhali ta faɗi. A Windows kuwa, rushewa ɗaya tana bayyana da 3221225477 ko -1073741819, gwargwadon yadda aka karanta ta.

A ganina, sabo ne ke cin masu Lisp a nan. Sun saba harshen yana tsare musu lamba, sai su manta SBCL yana da sassa da aka rubuta da C, kuma wanda ya saukar da matakin kariya zuwa sifili don neman sauri ya kashe binciken da zai yi masa kuka tun kafin lambar ta ƙetara.