Haƙora da Muƙamuƙi

A zamanin dalar gyaɗa, cikin shekarun 1950 da 1960, an kakkafa masana'antu a Bompai ta Kano. A cikinsu akwai masu matse gyaɗa su fid da mai. Ma'aikatan wurin sun san abu guda: in ƙarfe ɗaya ya goce, bai haɗu da ɗan'uwansa daidai ba, gyaɗa ba ta niƙuwa, injin kuma ya lalace da wuri. To, bakin mutum ma haka yake.

Yaro yana da haƙora 20. In ya kai wajen shekara shida sai ya fara famfara, har ya girma ya sami 32. Na gaba su ke gatsa, fiƙoƙi su yaga, turame na can ciki su niƙa.

Muƙamuƙin sama ba ya motsi. Na ƙasa ne ke kai da kawowa, yana maƙale da ƙoƙon kai ta gaɓoɓi biyu. Wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki, zai ji gaɓar tana motsi. A cikinta akwai ɗan faifan guringuntsi, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi.

In haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu daidai, gefen dama da na hagu sukan raba aiki, abinci ya niƙu, ya gauraya da yawu. Amma in turmi ɗaya ya ruɓe, sai mutum ya koma tauna da gefe guda. In an cire shi kuwa, maƙwabtansa sukan karkato wajen giɓin. Sannu a hankali naman muƙamuƙi ya gaji, wani lokaci gaɓar ta yi ciwo. Mai cizon haƙora cikin barci shi ma yakan tashi da wannan ciwo.

Saboda haka yaro mai hankali ba ya buɗe kwalba da haƙori, ba ya yawan shan alewa. Yakan yi asuwaki safe da dare, ya tauna abinci a natse. In haƙori ya fara ciwo, sai a kai shi wurin likitan haƙori tun da wuri. Ƙarfen inji in ya karye akan sayo wani, amma haƙorin da ya fito bayan famfara, in ya faɗi ba ya sāke tsirowa.