Yaƙi da Jahilci a Kunnen Malami da na Soja

Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, malamin da ya tashi tsakanin allo da tawada ya ɗauki lafazin a matsayin majazi, wato jihadin alƙalami, wanda ganimarsa ita ce talaka ya karanta takardar harajinsa da kansa. Amma tsohon sojan da ya komo daga yaƙi a ƙasar Bama bayan 1945, wanda ya binne abokansa a dazuzzukan Arakan, haƙiƙar kalmar ya sani, domin a wurinsa yaƙi yunwa ne da zazzaɓi da marayu. Saboda haka wajibi ne shugabanni su auna masu sauraronsu kafin su ari kalma mai wannan nauyi.